Ba Olsa Ba Ce, 'Yar Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ke 'yar nan, ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kalaba lafiya, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin hidimar ƙasar nan, Ya dawo min da ke da ƙafafunki.

Na san za ki yi mamaki. Shekara ashirin da huɗu muna gida ɗaya ban taɓa zaunar da ke na yi miki magana mai tsawo ba, yau kuma ga takarda har da juya shafi. Kin san dalili. Ke ce ta fari, kuma yadda aka raine ni uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Ko sunanki ban taɓa kamawa ba. Daga "ke" sai "'yar nan" sai "yayarsu". Da baki ba zan iya ba, shi ya sa na ɗauko biro. La'asar ta wuce, kin tafi kitson tafiyar gobe, ni kuma tun ɗazu na zauna na tashi ya fi sau biyar. Na leƙa tukunya, na kwashe shanya, na dawo, na sake tashi ba tare da na san abin da na tashi yi ba.

Jiya ina sa miki yaji da ƙuli-ƙuli a jaka hannuna ya taɓo kwalba naɗe cikin ɗankwali. Farin maganin ƙwannafin nan ne mai kauri, irin wanda na yi shekaru ina kwankwaɗa. Saura kaɗan a gindinta. Sai na tuna ranar Juma'a da babanku ya ga kina dafe ƙirji bayan cin abinci ya tambaye ki, kika yi dariya kika ce ai olsar Mama kika gada. Wallahi maganar nan ta soke ni, amma na ci gaba da wanke-wanke kamar ban ji ba.

To ba olsa ba ce. Ƙarya na yi muku. Abin da ya kai ni Abuja bara ciwon daji ne, a cikin bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro ya sauka ciki. Kada ki firgita ki tayar wa mutane hankali a mota ko a masauki, an cire shi, ina nan da raina, kin ga ma na yi ƙiba. Amma ki karanta har ƙarshe, don ina so ki ga wautar da na tafka ɗaya bayan ɗaya, kuma ina ganin kin fara taka sawuna.

Ta farko ita ce yadda nake cin abinci. Tun da masaƙar da nake aiki a Kakuri ta rufe na kafa rumfar abinci a hanyar Rido, inda direbobin tanka ke ajiye motoci, ban ƙara sanin zama a ci abinci ba. Kin sha raka ni, kin gani da idonki. Kunun gyaɗa yana tafasa zan ɗebo a ludayi in kurɓa in ji ko tsamiya ta ji. Miya tana ɓararraka zan kai baki. Direbobi har tsokana ta suke yi wai bakina na ƙarfe ne, ni kuma ina jin daɗi, sai ka ce wata lambar girma aka ba ni. In an gama sallamar kowa sai in kankare ƙanzo in ci a tsaye, hannu ɗaya na riƙe da soso. A gida ma haka. Babanku ya ci, ku ku ci, ni in tsaya a bakin murhu in lashi abin da ya rage in ce na ƙoshi. Likita ba ta rantse min cewa zafin ne ya jawo ciwon ba, ta ce ba wanda zai iya rantsewa, amma ta ce abu mai tsananin zafi ba ya yi wa bututun nan kirki. Abin da ya fi damuna ma ba zafin ba ne. Mai ci a tsaye, a ƙarshe, ita kaɗai, ba wanda ke ganin ranar da ta fara kasa ci. Ke ma haka kike yi, na lura. Ki sallami ƙannenki, ki tsaya a ƙofar kicin da kwano a hannu. Ki daina. Ki zauna, ki bar abinci ya huce, kuma ki ci a gaban mutum.

Ta biyu, ni na raɗa wa ciwona suna da kaina. Abin ya fara ne da ƙanzo. In na haɗiye sai in ji ya karce ni a wuri ɗaya, nan bayan ƙashin ƙirji, ya ɗan tsaya da raɗaɗi sannan ya wuce. Kullum wuri ɗaya, har zan iya ɗora yatsa a kai. Ga ƙwannafi da na daɗe da shi. Na ce olsa ce, wa ba shi da olsa a garin nan? Na shiga kemis na ce a ba ni maganin olsa, mai kemis ya miƙo, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi ƙofar tambaya ba. In kwalba ta ƙare in jiƙa kanwa in sha. Ya lafa kwana biyu ya dawo. Sai na fara zaɓen abinci a ɓoye: na bar ƙanzo, na bar soyayyar doya, na bar nama sai romo, ina kora kowace loma da ruwa. Ina dafa wa mutane tukunya huɗu a rana, ni kuwa kunu da ɗan tuwo mai laushi. Ba wanda ya sani, kuma na ɗauka wayo nake yi.

Maman Rifkatu ce ta kama ni. Kin san ta, mai suyar doya da ƙosai a rumfar da ke jikin tawa, wadda ke zuwa daga Sabon Tasha. Shekara da shekaru in kasuwa ta lafa ni da ita muke raba ƙanzon shinkafa, ta kawo manja ni in kawo yaji. Ran nan na tura mata kwanon duka kamar yadda na koma yi, sai ta turo min shi baya. Ta kira ni da sunan nan da take kira na, mai sunanki a ciki, ta ce: "Wata huɗu ke nan ina ƙirgawa, ba ki taɓa ƙanzo ba. Ke da muke faɗa a kansa? Faɗa min gaskiya, me ke damun ki?"

Na hau ta da masifa. Na ce ita likita ce? Na ce ta kula da kaskonta kada ƙosai ya ƙone. Ta taɓa aikin shara a asibiti kafin ta kama suya, ta ga abubuwa da yawa, ba a tsorata ta da ɗaga murya. Washegari da na iso na tarar ta sa wata 'yar'uwarta ta tsare mana rumfunan biyu, ita kuma tana zaune cikin Keke Napep tana jira na da jakarta a cinya. Don kunyar idon direbobi na shiga. Shawarata a nan ita ce, duk inda kika sauka ki nemi mutum ɗaya irin Maman Rifkatu, wadda za ta lura da kwanonki, wadda ba ta tsoron fushinki. Ba ruwanki da garinsu ko inda take ibada. In kin same ta kada ki yi mata rashin mutuncin da na yi.

A asibiti likitan wani saurayi ne, ban ma yarda da shi ba da farko. Ina zama na ce masa olsa ce ke damuna, ya rubuta min magani mai ƙarfi in tafi, na bar wuta a kunne. Ya ajiye biro ya ce: "Mama, bar min sunan, wannan aikina ne. Ke faɗa min abin da kike ji, da inda kike jin sa." Da na nuna masa wurin na ce kullum nan ne, sai na ga ya gyara zama. Ya ce sai an zura kamara ta baki an leƙa. Ya ba ni rana, ya ce in zo da safe ban ci komai ba.

Ban je ba. Wannan ce ta uku. Na ce wa Maman Rifkatu safiya ce lokacin ciniki, ba zan bar direbobi da yunwa ba. Ƙarya ce, tsoro ne. Na ji an ce tiyo ne ake cusa wa mutum har ciki, ni kuwa ko ƙwayar magani sai na yi da gaske nake haɗiyewa. Sai da aka sake ba ni wata rana, ita kuma ta biyo ni har gida Makera da sassafe ta zauna a tsakar gida ta ce ba inda za ta. Kin ma gaishe ta ran nan, kina shirin komawa makaranta, na ce miki biki za mu. Kin san abin haushi? Abin da na guje wa sati uku bai kai daɗewar dafa shayi ba. An fesa min wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, an sa min roba tsakanin haƙora, na kwanta ta hagu, aka yi min allura, na ji kamar ina gyangyaɗi. Shi ke nan. In an ce za a yi miki, kada ki tsaya sauraron labarin mutanen da ba a taɓa yi musu ba.

Sun ga wani tabo da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Suka ɗan tsinko nama daga jikinsa aka kai awo. Aka ce in dawo bayan sati biyu, na dawo aka ce ba a gama ba. Wai masu awon sun ga irin da ba su saba gani ba, sun aika wani wuri a sake dubawa don kada su yi kuskure. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Na zuba gishiri sau biyu a miya, na zuba wa mai shinkafa tuwo, na yi faɗa da mai kawo itace a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da sakamako ya fito likitan ya ce ciwon daji ne, kuma irin da ba a cika samu ba, shi kansa ya fi karanta shi a littafi fiye da ganin sa a jikin mutum. Amma ya ce in gode wa Allah, ga alama bai wuce fatar sama ba, kuma ba kasafai ake kama shi da wuri haka ba, yawanci sai abinci ya daina wucewa ake zuwa. Aka sa ni a wata na'ura mai kamar bakin tanda aka ɗauki hoton ƙirji da ciki, ba a ga ya bazu ba. Ya rubuta min takarda zuwa wani asibiti a Abuja inda ake da kayan aikin, ya ce kada in ɓata lokaci.

To ga babbar wautar, wadda har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na dawo gida na ninke takardar nan na sa ta ƙarƙashin manyan kwanukan nan na cikin kabad, waɗanda ba a taɓawa sai da salla. Sati shida tana nan. Na ce wa babanku olsa ce. Na ce wa Maman Rifkatu an ce ba komai. Kalmar nan ta daji ce ta tsaya min, na ga kamar in ban furta ba ba zai tabbata ba. Ina ta addu'a, wannan ban yi nadamarsa ba. Amma kuma na bi wata mata ta kai ni wurin mai maganin gargajiya a bayan Romi, ya dube ni ya ce jifa ne daga wata mai abinci da ke baƙin cikin cinikina. Ya ba ni jiƙo mai ɗacin tsiya a jarka. Na sha har ya ƙare, na kuma fara harar baiwar Allah mai tuwo a tsallaken titi wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Allah Ya yafe min.

Abin da ya tone ni, ranar da aka buɗe min kati wayata ta lalace, lambar babanku na bayar. Da likitan ya ji shiru sai ya sa aka kira. Babanku na shagon ɗinki aka ce masa ana neman jin ko matarsa ta je Abuja. Ya rufe shago da rana tsaka ya zo har Rido, abin da bai taɓa yi ba. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya zauna a bencin direbobi ya daɗe yana kallon tukwane, sannan ya ce: "Shekara ashirin da shida ina cin abincin hannunki, ban taɓa tambayar ko kin ci ba. Tashi mu je ki nuna min takardar."

A nan na yi kuka, a gaban mutane, ni da ba a taɓa ganin hawayena a rumfa ba. Ki riƙe wannan: ɓoye ciwo ba haƙuri ba ne, ba kuma kunya ba ce. Na ɗauka ina rage wa mutane nauyi, ashe tara musu nake yi.

A Abuja likitar mace ce, ba ta da wasa. Ta sake zura kamara, wata iri mai iya auna zurfin abu. Ta ce ya ɗan ƙara faɗi a kan yadda aka rubuta, ta tambaye ni ina na tsaya duk wannan lokaci. Na sunkuyar da kai. Ta ce har yanzu bai nutsa ba, za a iya kankare shi ta baki ba tare da an tsaga ni ba. Da ya nutsa, in ji ta, sai an buɗe ƙirji an yanke bututun an jawo ciki sama an haɗa, watakila har da ƙarin magani mai wahalarwa, kuma ko an yi hakan ba ta da tabbas. Sati shidan da takarda ta yi ƙarƙashin kwano, da su na kusa sayen wannan.

Aka sa min barci aka yi aikin. Kwanakin farko ko ruwa sai da izini, daga nan kunu mai sanyi da cokali, daga nan talge. Ni da ke kurɓar tafasasshe, ga ni ina hura kunu kamar mai yaye. Bayan an auna abin da aka cire ta ce gefunansa sun fita tas, ba a bar komai ba. Amma ba a sallame ni gaba ɗaya ba. Duk bayan 'yan watanni sai na koma an leƙa. Tafiye-tafiyen da nake cewa na karɓo maganin olsa ne, su ke nan. Akwai wata nan gaba kaɗan, kuma ba zan ɓoye miki ba, duk lokacin da ta matso tsoro nake ji.

Me ya sa ban gaya muku ba? Kina shekarar ƙarshe, jarrabawa a gabanki, na san halinki, za ki tattaro littattafai ki dawo gida ki tsaya a kaina. Na roƙi babanku ya rufa min, ya rufa ba da son ransa ba. Da kika gama kuma sai na ga ai ya wuce, me za a tayar? Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙaryar za ta koma kanki ba. Na ba ki suna mai sauƙi, kin ɗauka kin lulluɓe naki ciwon da shi, kina shan kwalba bayan kwalba kina cewa gado ne. Ni na sa miki wannan maganar a baki.

Na tambayi likitar ko 'ya'ya na gadon abin. Ta ce yawanci ba haka ba ne, kuma ƙwannafin mai ƙuruciya galibi ba wannan ba ne, ƙila ma abu ne da za a gyara da canjin ci da ɗan magani. Na yarda da ita, kuma ina sa ran naki haka ne. Amma ta ƙara da cewa ƙwannafin da ya ƙi tafiya, wanda sai da kwalba ake zaune lafiya, ba na mai kemis ba ne, na likita ne. Ni ban ce kina da abin da na yi ba, Allah Ya kiyaye. Cewa nake ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni zama tun jiya.

Saboda haka ga abin da nake so. Da zarar kin fito daga sansanin horo, ko ma kafin nan in da hali, ki je asibiti na gaske. Kada ki shiga kina cewa olsa. Ki faɗi abin da kike ji, da wurin, da tun yaushe, da kwalba nawa kika shanye, kada ki rage ko ɗaya don kunya. Zan haɗa miki wannan wasiƙa da kwafin takardar likitan nan tawa, wadda ta kwana ƙarƙashin kwanuka, har alamar ninkin ta fito. Ki miƙa wa likita ki ce ta mahaifiyarki ce. In ya ce ba komai, alhamdu lillahi, mun huta. In ya ce a leƙa, ki bari a leƙa ranar da aka ba ki, ba wata ranar ba. Duk abin da aka ce kuma ki kira ni ki faɗa min yadda aka faɗa miki. Kada ki rama abin da na yi miki. Na san kin iya, don a wurina kika koya.

Ban cire kwalbar ba, tana nan inda kika ɓoye ta. A jikinta zan naɗe takardar nan, don na san nan ne hannunki zai fara zuwa.

Ga sallamarki na ji a ƙofar gida, kin dawo daga kitso, bari in yi sauri. Abu ɗaya ya rage. Ranar da aka yi min aikin, da na fara farfaɗowa, Maman Rifkatu na zaune a gefena, don har Abuja ta bi mu. Ta ce ban kira babanku ba, ban kira uwata ba, suna ɗaya nake ta maimaitawa har ma'aikaciyar jinya ta tambaya wace ce. Har yau tana tsokana ta da shi, wai ashe na san sunan. Na ce mata maganin barci ne ya yi magana, ba ni ba.

Yau ba allura a jikina, idona biyu, da hannuna nake rubutawa. Habiba. Habiba, 'yata, ki je a duba ki.

Allah Ya tsare min ke a tafiya da zama, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa in ji muryarki da labari mai daɗi. Babanku na sa miki albarka, ya san da takardar nan. Gobe a tasha in kin ga ban ce komai ba, na riga na faɗa a nan.

Wassalam.

Mahaifiyarki.